An ce sakamakon gwajin ADHD na ƙanina "ba abin dogaro ba ne". Maƙaryaci suke nufi ko me?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu aikin lafiya a cikinmu don Allah ku fahimtar da ni, tun shekaranjiya raina a ɓace yake. Autanmu yana karatun injiniya a nan Ontariyo, shekararsa ta biyu, a wajena yake zaune. Tun da ya zo karatun ya ƙi gaba. Ba daƙiƙi ba ne, lissafin da zai yi maka da ka sai ka riƙe baki, amma aikin da aka ba shi ba ya miƙawa a kan kari, a jarrabawa kuma lokaci kan ƙare masa yana tsakiyar takarda. Ofishin da ke kula da ɗalibai masu lalura suka ce a je a duba ko yana da ADHD, lalurar nan ta kasa tattara hankali wuri ɗaya da rashin zama.

Na biya kuɗi masu kauri, ya wuni cur ana yi masa gwaje-gwaje. Da rahoto ya fito sai ga shi an rubuta wai ya faɗi wasu gwaji biyu da ke auna ko mutum ya yi iya ƙoƙarinsa, saboda haka ba za su ce yana da ita ba, ba kuma za su ce ba shi da ita ba. Kuɗi sun tafi, yaro ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ni dai fassarar da na yi wa maganar ita ce sun kira shi maƙaryaci cikin ladabi. Haka ne?

Famasis Kano:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ji haushina, amma ni da nake bayan kanta shekara 19 na ga abin da ya fi wannan. Mutum zai shigo yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, yana fita da kwalba ya miƙe garau. Kin manta yadda aka yi da maganin tari mai kodin kafin gwamnati ta hana shi a watan Mayun 2018? Magungunan ADHD ɗin nan ba fanadol ba ne. Adderall amfetamin ne tsagwaronsa, Ritalin da Concerta kuma ɗan uwansa ne da ake kira methylphenidate. Ɗalibai a can suna sayar wa juna lokacin jarrabawa don su kwana karatu. To don me masu gwaji ba za su sa ido ba?

Ummu Khalil:
Malam, ƙanina ko shayi mai ƙarfi ba ya sha. Ba magani muka je nema ba.

Famasis Kano:
Ban ce shi ba Hajiya. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Dakta Binta:
'Yar uwa, sannu da wannan damuwa. Irin wannan gwajin shi ne aikina a nan Amurka, bari in warware miki a hankali, amma ki sani ban ga rahoton ba, ban kuma ga yaron ba.

ADHD ba ta da gwajin jini, ba ta da hoton ƙwaƙwalwa da za a ɗauka a ce ga ta nan. Da labari ake gano ta. Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi a nan, DSM-5 da ya fara fitowa a shekarar 2013, ya jera alamomi 9 na rashin tattara hankali da wasu 9 na rashin zama da gaggawa. Wanda ya kai shekara 17 sai an samu aƙalla 5 a ɗaya daga cikin jerin biyu, sun ɗauki wata shida ko fiye, sun fara kafin ya cika shekara 12, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, wato ba makaranta kaɗai ba, kuma suna kawo masa cikas na gaske a rayuwa.

To ta yaya za mu san duk wannan? Mu tambayi mutum. A nan gizo ke saƙar. Takardun tambayoyin da ake cikewa, irin ASRS mai tambaya 18 da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, kowa ya karanta ya san inda tambayar ta dosa. "Kana yawan mantuwa?" "Kana kasa ƙarasa aiki?" Wa zai kasa gane amsar da ake so? A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Kentaki suka ɗauki ɗalibai masu lafiya, suka ba su minti biyar kacal su duba bayanin ADHD da aka kwaso daga intanet, suka yi musu alkawarin ɗan kuɗi in sun iya yaudarar mai gwaji. A takardun tambayoyi, ba a iya bambanta su da masu lalurar ta gaske ba. Minti biyar fa.

Shi ya sa aka ƙirƙiro wasu gwaje-gwaje na daban waɗanda ba ADHD suke aunawa ba, suna auna ko sauran sakamakon ranar abin yarda ne. Su ne ƙaninki ya faɗi.

Tsohon Hedimasta:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Yaya gwaji zai san mutum ya yi iya ƙoƙarinsa? Zuciyarsa yake leƙawa? Ni na shekara 35 ina koyarwa, yaron da ya langaɓe ranar duba farce ko ranar hadda ina gane shi daga ƙofar aji, amma da ido nake ganewa ba da takarda ba.

Dakta Binta:
Baba, ranka ya daɗe, ka san wasan nan na canki-canka da ake ɓoye goro a hannu ɗaya a ce yaro ya canka? In aka yi sau 50, wanda idonsa ke rufe ma zai dace kusan sau 25, don hannu biyu ne kawai. To a ce kafin a dunƙule hannun an nuna wa mutum inda goron yake ƙarara, sannan ya dace sau 10 kawai cikin 50. Wannan ba mantuwa ba ce. Sai ka san inda goron yake sannan za ka iya kauce masa har haka.

Asalin dabarar ke nan. Amma a gaskiya kaɗan ne ke faɗuwa ƙasa da canke. Abin da aka fi gani shi ne, gwajin a ido kamar mai wuya, alhali mai sauƙi ne ƙwarai, har yara ƙanana da mutanen da suka bugu a kai a haɗarin mota suna cinye shi kusan duka. Sai ga ɗalibin jami'a da ya tuko mota ya zo da kansa, ya ci ƙasa da su nesa ba kusa ba. Dole mai gwaji ya tsaya ya ce anya. Fitattu a cikinsu akwai TOMM na Tom Tombaugh da ya fito a 1996, da hotuna ake yinsa, da kuma gwajin tuna kalmomi na Paul Green. Tun kafin su wani masani a Suwizalan, André Rey, ya tsara nasa mai abu 15.

Su ma takardun tambayoyin an cusa musu tarko. Akan sa alamomin da masu ADHD na gaske ba kasafai suke amsawa da "eh" ba. Mai ƙara gishiri yakan ɗauka duk tambayar da ta yi kama da ciwo tasa ce, sai ya bi layi yana danna "kullum, kullum, kullum". Julie Suhr ta Jami'ar Ohayo ta fitar da irin wannan ma'auni a 2011, Allyson Harrison kuma ta Jami'ar Queen's da ke Kingston, a Ontariyon da kike 'yar uwa, ta daɗe tana wannan aiki a kan ɗaliban Kanada. Shi ya sa ban yi mamaki ba da aka yi wa ƙaninki a can.

Zee Kaduna:
Ni wallahi duk lokacin da aka fara wannan magana sai cikina ya ɗuri ruwa. Ina da ADHD, sai da na kai shekara 31 aka gano a Ingila. Kafin nan ba sunan da ban sha ba: malalaciya, uwar shiririta, mai kan kifi. Sau biyu ina barin girki a wuta in fita unguwa. Ranar da zan je ganin likita ban yi barci ba, ba don tsoron a ce ina da ita ba, don tsoron a ce lafiyata ƙalau, ke nan duk abin da aka faɗa a kaina gaskiya ne. Yanzu kuma a ce bayan wannan duka an ɗana maka tarko a ɓoye a cikin gwaji? Mutum ya zo neman taimako, a tarbe shi kamar ɓarawon akuya.

Ɗan Aji Uku:
Anti Binta don Allah nawa ne makin da in mutum ya ci ƙasa da shi ake cewa ya faɗi? Kuma waɗanne tambayoyi ne na tarkon? Don ilimi kawai nake tambaya 😅

Dakta Binta:
Ƙanina, ilimin nan ba za ka same shi a wajena ba. Duk wanda aka ba lasisin amfani da waɗannan gwaje-gwaje an ɗora masa amanar kada ya fallasa abin da ke ciki. In amsoshin suka bazu, gwajin ya mutu, wanda zai cutu kuma mai lalurar gaske ne, don daga nan ba wanda zai ƙara yarda da takardarsa.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Aji Uku, an ji. Kada wani ya ɗora hoton shafin gwaji ko mahaɗar da ke koya yadda ake zille masa, za a goge.

Dakta Binta:
Zee, na ji zafin maganarki, ba kuma zan ce ba ki da hujja ba. Amma bari in ba ki alƙaluma ki ga abin da ya tilasta mana. A 2007 an buga wani bincike daga wata kwaleji a kudu maso gabashin Amurka, inda kashi 47.6 cikin ɗari na ɗaliban da suka zo gwajin ADHD zalla suka faɗi gwajin kalmomin nan na Green. Ɗaliban ba su da yawa, don haka ni ba na rantsuwa da wannan adadi. Na Suhr a 2008 ya sami kashi 31. Wani mafi girma a Miniyapolis a 2010, mutum 268, ya sami kashi 22. Ko mafi ƙanƙantar muka ɗauka, mutum ɗaya ke nan cikin biyar. In ban duba ba, kashi ɗaya cikin biyar na rahotannin da na sa wa hannu a kan yashi aka gina su.

Kuma ni ba na ɓoyewa. Kafin mu fara nakan ce wa mutum: akwai abubuwa a cikin aikin yau da ke nuna min ko ka saki jiki ka yi iya yinka, kada ka rage, kada ka ƙara. Wanne ne a ciki, wannan ba na faɗa.

Nas Ladi:
In ƙara a kan na Dakta, laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu a nan Ingila layin jiran gwajin manya a asibitocin gwamnati ya kai shekaru a wasu yankuna, sai mutane suka koma na kuɗi. A watan Mayun 2023 shirin Panorama na BBC ya tura ɗan jarida asibitoci uku masu zaman kansu ta bidiyo, duk ukun suka ce yana da ADHD, likitan gwamnati da ya zauna da shi na sa'o'i ya ce ba shi da ita. An soki shirin sosai, musamman da yake likitan gwamnatin ya san da ɗan jarida yake magana, masu lalurar da yawa kuma sun ce shirin ya ja musu zargi a wurin aiki da cikin dangi. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, ko mutum bai yi ƙarya ko ɗaya ba, gwajin gaggawa zai iya liƙa masa abin da ba nasa ba.

Famasis Kano:
Yauwa. A Amurka ma ai a watan Yunin 2024 an kama shugabannin wani kamfanin duba marasa lafiya ta intanet mai suna Done, ana tuhumarsu da raba ƙwayoyin Adderall da makamantansu sama da miliyan 40. Wannan kuma bayan FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta sanar da ƙarancin Adderall a Oktoban 2022, masu buƙata ta gaske suna yawo kanti-kanti ba su samu.

Sarkin Yawo:
Ku bar ta magani, ku zo ta ƙarin lokaci a jarrabawa. Kun tuna badaƙalar shiga jami'o'in Amurka da ta fashe a Maris na 2019? Rick Singer, uban tafiyar, yakan sa attajirai su kai 'ya'yansu gwaji, a ce wa yaro ya yi kamar ba ya ganewa, don a ba shi takardar lalurar koyo. Da takardar sai a samu ƙarin lokaci da ɗaki na daban a jarrabawar SAT ko ACT, a ɗakin kuma an riga an sayi mai sa ido. Ƙarshe an yanke masa shekara uku da rabi a 2023. Har 'yan wasan besbol: da aka hana amfetamin a babbar gasarsu, masu takardar izinin shan maganin ADHD suka tashi daga 28 a 2006 zuwa 103 a 2007. Cikin shekara ɗaya lalura ta sauka musu kamar ruwan Agusta.

Zee Kaduna:
Ko kuma da can suna sha ba takarda, da aka hana sai masu ita suka je aka duba su. Kowane adadi yana da fuska biyu Malam. Simone Biles ma, fitacciyar 'yar wasan motsa jiki ta Amurka mai ADHD, da aka saci bayanan lafiyarta aka watsa a 2016 haka aka yi ta yi mata gori, alhali tun tana yarinya take shan maganin.

Sarkin Yawo:
Wannan kuma gaskiya ne, na karɓa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni a Faransa nike, nan TDAH ake ce mata, kuma sun fi Amurka tsauri, takardar magani ba ta wuce kwana 28, sai ka koma. Amma tambayata ga Dakta daban ce. Wannan yaro da wane harshe aka gwada shi? Ni yau shekara 12 ina nan, in ka karanto mini lambar waya da Faransanci sai na juya ta Hausa a kaina kafin ta zauna. In an ce in maimaita lambobi a baibai cikin harshen da ba nawa ba, ai zan yi kama da wanda bai ƙoƙarta ba.

Ummu Khalil:
Da Turanci aka yi. Yana ji sosai, a makarantar kuɗi ya yi sakandare, amma saurin maganarsu har yanzu yana ba shi wuya.

Dakta Binta:
Ɗan Maraɗi ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi a wannan sana'a. Galibin gwaje-gwajen nan a kan mutanen Amurka da Kanada masu Turanci tun daga nono aka daidaita su. Na hotuna bai cika damuwa da harshe ba, amma na kalmomi da na maimaita lambobi, harshe na iya taɓa su. Rahoto mai kyau ya kamata ya ambaci cewa Turanci ba harshen uwa ba ne ga wanda aka gwada, ya kuma faɗi yadda aka yi la'akari da hakan. 'Yar uwa ki duba ko an rubuta. In ba a rubuta ba, kina da damar komawa ki tambaya, kuɗinki kika biya.

Sannan ga abin da nake so kowa ya riƙe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Al'adar da ake bi wajen sa makin faɗuwa ita ce a tabbatar aƙalla mutum 9 cikin 10 masu gaskiya sun tsallake. Ke nan an yarda tun farko cewa har ɗaya cikin goma na iya faɗuwa gwaji guda ba tare da ya yi komai ba. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai biyu ko fiye. Ta ɗaya gefen kuma, masu wayo da yawa suna sulalewa ba a kama su.

Kuma faɗuwa ba ta gaya min dalili. Tana gaya min cewa makin da na samu yau ba hoton iyawar mutumin ba ne, shi ke nan. Kafin a ce mutum ya ƙirƙiri ciwo da gangan akwai sharuɗɗa da wasu masana uku, Slick da Sherman da Iverson, suka tsara a 1999, aka sabunta a 2020: sai an ga ribar da yake nema a fili, an ga hujjoji da suka haɗu, an kuma kore sauran bayanai. Masu rahoton ƙaninki ba su ce haka ba. Cewa suka yi ba za su iya gini a kan wannan sakamako ba. Ni a wajena wannan ya fi mutunci a kan su ƙaƙaba masa suna ko su wanke shi da takardar da su kansu ba su yarda da ita ba.

Likita Abu Hafsa:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ni a gida nake aiki, ɓangaren ƙwaƙwalwa, a nan Arewa, kuma abin da nake gani kishiyar naku ne. Ba wanda ke zuwa min da ADHD ta ƙarya, don ba abin da zai samu: ƙarin lokaci a jarrabawa ba a saba ba, maganin kuma samunsa aiki ne. Namu ragewa suke yi. Sai an kori yaro daga makaranta ta uku, an gaji da bulala da rubutu, sannan a kawo shi, uban kuma na zaune yana cewa ai ƙiriniya ce, shi ma haka ya yi.

Hajiya Ummu Khalil, shawarata biyu. Ta farko, kasa tattara hankali kamar zazzaɓi ne, abubuwa da yawa ke kawo shi. Saurayi ya bar gida, ya faɗa sanyin Kanada inda rana ke faɗuwa tun biyar ba ta yi ba a hunturu, ba abokai, wataƙila yana aikin dare, waya a hannu har asuba. Rashin barci, ciwon damuwa, fargaba, ƙarancin jini, matsalar thyroid, wato ƙullin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo, shan wiwi, kowanne zai iya sa mutum ya amsa "eh" a tambayoyin nan da zuciya ɗaya. A duba waɗannan.

Ta biyu ita ce babba: ADHD ba ta fara wa mutum a jami'a. In ita ce, ta bar sawu tun yana ƙarami. Wa aka tambaya game da yarintarsa?

Ummu Khalil:
Sun kira Hajiyarmu a waya, ni na yi tafinta. Duk abin da aka tambaye ta sai ta ce "lafiya lau, yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka."

Likita Abu Hafsa:
To kin gani. Uwa Bahaushiya ba za ta zauna ta lissafa wa baƙo aibin ɗanta ba, balle auta, balle Bature a waya. Tana tsoron bakinta ya kama shi. Shi mai gwaji kuma abin da ya rubuta shi ne "uwa ba ta ga wata alama a yarinta ba." Sai a haɗa: yaro ya ce komai ya lalace, uwa ta ce komai lafiya, gwajin ƙoƙari ya faɗi. Ko ni ne a kujerar zan yi shakka. Ni ba na tambayar uwa "yana da matsala?" Cewa nake: in kin aike shi sayen abu uku, nawa yake dawowa da su? Takalmi nawa ya ɓatar a shekara? Malamin allo ya taɓa aiko miki? A nan labari ke fitowa, har da dariya.

Tsohon Hedimasta:
Likita ya gama magana. Ku nemo takardun sakamakonsa na firamare. Ba makin nake nufi ba, ɗan layin nan na ƙasa inda malamin aji ke rubuta ra'ayinsa. Yaron da aka rubuta wa "ba ya natsuwa" ko "yana da ƙoƙari amma wasa ya yi yawa" tun daga aji biyu har aji shida, malamai daban-daban, wannan shaida ce da ba a ƙirƙira don jarrabawar Kanada ba.

Dakta Binta:
Baba, da kowa zai zo min da irin wannan takarda, da rabin wahalata ta ƙare. Sai dai in yi adalci, maganar yarinta ma ba a gama rufe ta ba. A garin Dunedin na Niyu Zilan an bi mutum 1,037 tun haihuwarsu a 1972 da 1973 har suka kai shekara 38, sai aka tarar kusan kashi 90 na waɗanda suka cika alamomin ADHD a girma ba su da ita a yarinta. Har yau masana na ja-in-ja a kan fassarar wannan. Amma a aikace, ƙa'ida na nan: kafin shekara 12.

Zee Kaduna:
Mata fa? Ni a aji shiru nake, ina kallon taga, hankalina na Kasuwar Barci. Ba malamin da ya taɓa rubuta komai a kaina don ban dami kowa ba.

Dakta Binta:
Haka ne Zee, irinku ne aka fi tsallakewa. A nan sai a nemi wadda kuka kwana ɗaki ɗaya, yaya ko ƙawa ta makarantar kwana.

Ummu Khalil:
Jama'a na dawo, kwana uku ban leƙo ba. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa.

Daren jiya na zaunar da shi, ban yi faɗa ba, na karanta masa wasu daga cikin maganganunku, musamman na Zee. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaya, na ƙara." Wai sati biyu kafin gwajin ya yi ta kallon bidiyoyin TikTok a kan ADHD, ya ga kansa a wasu, bai ga kansa a wasu ba, sai tsoro ya kama shi kada ya je ya ci gwajin a ce ƙalau yake, kuɗina su tafi a banza, a gida kuma a ce iskanci ne kawai. Da ya ga wani gwaji ya yi masa sauƙi sai ya riƙa kuskurewa da gangan, a takardar tambayoyi kuma duk inda ya yi shakka sai ya zaɓi mafi muni. Ban san ko in yi kuka ko in make shi ba.

Nas Ladi:
Allah sarki. Bidiyoyin nan, wasu likitoci a Kanada sun duba guda 100 da aka fi kallo a kan ADHD, suka buga a 2022 cewa 52 a ciki na ɗauke da bayani mai ɓatarwa. Ki ce ya huta da su kafin a sake.

Famasis Kano:
To Hajiya, ashe gwajin bai yi ƙarya ba. Amma na janye abin da na fara da shi, yaron nan ba ƙwaya yake nema ba.

Dakta Binta:
Wannan shi ne irin wanda na fi gani, ya fi masu neman ƙwaya yawa a ɗakina: mutum na cikin wahala ta gaske, yana tsoron ba za a gani ba, sai ya ɗaga murya har a kasa jin abin da yake faɗa. Zai iya yiwuwa yana da ADHD, zai iya yiwuwa wani abu ne daban, har yanzu ba mu sani ba. Ya koma wajen wadda ta gwada shi ya faɗa mata abin da ya faɗa miki da bakinsa, ba za ta yi mamaki ba. Akan bar 'yan watanni kafin a maimaita wasu gwaje-gwajen don kada sabo ya shiga ciki. Kafin nan ya ga likitansa a duba barci da jini da ko yana da ciwon damuwa, ya kuma tambayi ofishin ɗalibai ko suna da wani tallafi na wucin gadi, wasu jami'o'in suna yi.

Ummu Khalil:
In sha Allah. Likita Abu Hafsa, na gwada dabararka da safen nan. Na kira Hajiya na ce ta tuna min takalman Auta. Minti 20 tana ba da labari tana dariya, har da ranar da aka aike shi niƙa ya dawo da roba babu gero, ya tsaya kallon masu gyaran rediyo. Na ce ta maimaita min a saƙon murya, ta ce ita ba za a naɗi muryarta tana faɗin laifin ɗanta ba, sai da na ce mata labarin yarinta ne ba laifi ba. Baba Hedimasta, takardun firamaren sun ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Makarantar za ta iya samun kwafi bayan shekara goma sha?

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ra'ayin malamin aji a katin yaro kawai ake rubutawa, makaranta ba ta cika ajiye kwafinsa ba, abin da za ki samu a babban littafi maki ne da rajistar zuwa. Ki sa wani ya je da kansa, kada a yi waya, ya tambayi wa ya riƙe aji uku da aji huɗu a shekarunsa. In malamin na raye, yaron da ya dawo da roba babu gero ba zai manta da shi ba. Ya rubuta abin da ya tuna a takarda, ya sa hannu da kwanan wata, hedimasta mai ci ya buga hatimi.